Tsagar da Magini Ya Liƙe

Kofunan da ke jere a kan kantar ɗakin Inna su ne ke fara sanar da gidan cewa tipa na tafe. Tun kafin kunne ya ji rurin inji za su soma karkarwa, suna taɓa juna a hankali, sannan tagar ƙarfe ta amsa, sannan ƙasan ɗakin gaba ɗaya. Idan motar ta wuce, garin siminti ya ɗan zubo daga tsagar bango ya sauka a kan gadon Inna. Ita kuwa sai ta sa hannu ta kakkaɓe, ta ci gaba da jan carbinta.

Magini shi ya gina gidan da hannunsa, ɗaki bayan ɗaki, a ranakun da babu aikin mutane. Ɗakin gaba, mai kallon titi, shi ya fi ɓata wa lokaci, domin na mahaifiyarsa ne. Da fari tsagar kamar silin gashi take, daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Yanzu ƙadangare yana shiga ta waje ya fito ta ciki, Inna tana cusa tsumma tana yi masa faɗa kamar jikanta.

Ya san ciwon ba a fatar bangon yake ba, a tushe yake. Tun da kamfanin fasa dutse da ke bayan unguwa ya gano cewa layinsu ya fi kusa da babban titi, tipofinsa suka bar hanyar baya mai zagaye suka dawo nan, ɗauke da dutse, safe da yamma. Idan aka hana su bi, zai tone gindin bangon ya zuba kankare, gidan ya tsira. Idan ba a hana ba, duk abin da ya yi ɓarnar siminti ce kawai.

Unguwar tana da ƙungiya. Asalinta yasar kwata da cike ramuka ne duk ranar Asabar, ana busa usur kowa ya fito da shebur. Shugabanta tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kowa Ciyaman yake ce masa, har matarsa. Mutum ne mai son abu ya tafi a tsari, mai goge takalminsa ko da kwata za shi yasa. Shi ya yi ta jan su zuwa ofishin kula da hanyoyi, su zauna a benci tun safe, a ce mai ofis yana taro, su dawo gobe. Takalmin Ciyaman ya sha ƙura har ya gaji da gogewa. Daga ƙarshe aka ce musu za a turo injiniya ta gani da idonta, idan ta ga ɓarna za a mayar da motocin hanyar baya.

Ranar da suka dawo da labarin, Ciyaman ya tsaya a gaban tsagar nan ya zura hannunsa har wuyan hannu.

"Wannan bango naka shi ne babban mai shaidarmu," ya ce. "Ramin titi kowa na da shi. Wannan kuwa ko makaho ya shafa zai yi kuka."

Magini ya ji daɗin maganar, ya kuma ji ta soke shi.

An kira taro a gindin bishiyar bakin layi don a shirya abin da za a faɗa wa injiniya. Amma ba a daɗe ba magana ta koma kan yadda za a tarbe ta. Mai shagon magani ya ce motar gwamnati ƙarama ce, idan ta kafe a ramin bakin layi ai sun kunyata, a cike wannan ɗaya kawai. Wani ya ce idan aka cike na baki aka bar na gaban makaranta, sai ta ɗauka ba su damu da yara ba. Mata suka ce su dai ba za a yi baƙuwa a layinsu kwata tana wari ba. Kowa ya faɗi tasa, kuma kowace magana idan ka ɗauke ta ita kaɗai gaskiya ce.

Ana cikin haka sai ga mutumin kamfani, wanda yara suka sa wa suna Mai Murmushi. Ya tuɓe takalmi kafin ya hau tabarma, ya gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya ji za a yi baƙi, kuma baƙon maƙwabci baƙonka ne. Kamfani ba ya son a ce yana gāba da jama'a, shi ya sa zai kawo tsakuwa, da motar daɓe, da rumfa da kujeru, da fenti kaɗan don gaban gidaje. Bai roƙi komai ba. Ya ce ƙorafinsu haƙƙinsu ne, su faɗa wa injiniya duk abin da ke ransu.

Mutum ɗaya ne ya yi tsaki, Mai Faci, ɗan kawun Magini, wanda rumfarsa ta gyaran taya ke bakin layi.

"Ku fa asibiti za ku," ya ce, "amma kuna ta shafa hoda kada likita ya ga kun rame. Ku bar mata layin yadda yake, ta zo ta kafe, mu tura ta."

Aka kwashe da dariya. Mai shagon magani ya ce ai dole Mai Faci ya so rami, da shi yake ciyar da iyali, ranar da titi ya gyaru sai dai ya koma facin bokiti. Aka ƙara dariya, har shi Mai Facin ya dara. Daga nan duk abin da ya faɗa sai a ce cikinsa ne ke magana. Magini ma ya tsokane shi, ya ce yaushe mai hura iska ya zama mai ba da shawara.

Kwanakin da suka biyo baya layin ya zama kamar gidan da ake jiran surukai. Tsakuwa ta zo, motar daɓe ta yi ta kai da kawowa, ramin da ya shekara yana cinye tayoyi ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba. An yashe kwata, an share, an kwashe bola. Magini ya yi aiki tare da kowa, shi ne ma ya fi kowa iya daidaita tsakuwa. Amma bangonsa ya ce ba mai taɓawa.

Sai dai da kowane gida ya yi fes, nasa ya fito fili kamar baki a buɗe tsakanin mutanen da suka yi shiru. Ya ji wasu mata masu wucewa, ɗaya tana tambayar ɗaya wai nan ne gidan maginin da ake yabo. Bai juya ba, amma maganar ta bi shi har cikin gida.

Matarsa ba ta ce masa ya liƙe ba. Ta dai tambaya ko baƙuwar har ɗakin Inna za ta shiga, kuma ko gaskiya ne da masu ɗaukar hoto za ta zo. Inna ce ta fito da maganar a fili, ana gobe za a zo, da hantsi, yana durƙushe yana gaishe ta.

"Ni na haifi magini," ta ce. "Duk garin nan akwai ɗakunan da ka gina ka rufa wa mutane asiri. Yanzu a ɗauke ni a hoto ina kwance ƙadangare na leƙo ni? Idan ka ga ya dace, to. Ni baƙuwa ce a duniyar, saura kaɗan."

Ya yi mata bayani a hankali, cewa tsagar ita ce za ta ceci ɗakin. Ta ce ta ji. Ta juya fuska bango, wato wajen tsagar, ta gyara tsummanta.

Ya fita ya zauna a kan bulo a tsakar gida, ya daɗe. Sai ya ce a ransa ciki kawai zai liƙe, don hankalin tsohuwa ya kwanta, waje kuwa ya bar shi yadda yake. Ya kwaɓa siminti kaɗan a kwano, ya janye gadon, ya cire tsummokaran, ya jiƙa tsagar ya cika ta. Da ya fito waje sai ya ga simintin ya ɓullo ta wasu wurare ya yi dumu-dumu, kamar aikin ɗan koyo. Wannan kam ba zai bari a gani ba. Ya ce bari ya ɗan gyara bakin, daga ƙasa zuwa gwiwa. Daga gwiwa ya kai ƙugu, don kada a ga inda aka tsaya. Hannun da ya yi shekaru yana abu ɗaya ba ya neman izini. Cokalin gini yana ɗauka yana shafawa, katako yana bi yana lailayewa, shi kuma ransa ya yi sanyi irin sanyin da bai ji ba tun da tipofin suka fara bi. Kafin ya farga yana kan baro a tsaye, yana shafe ƙarshen tsagar a kusurwar taga.

Ya sauko ya ja da baya ya duba. Aiki ya yi kyau. A nan ne ya gane abin da ya aikata.

Ya lallashi kansa da cewa sabon siminti launinsa daban, zai nuna mata layin da yatsa, ga kuma bakinsa. Ya tafi wanke kayan aiki a famfon bayan layi, ya tsaya gaisawa da mutane. Da ya dawo ya tarar samarin ƙungiya sun iso gidansa da bokitin fentin kamfani. Sun ga bango a shafe, sun ɗauka su ake jira. Har sun gama, suna tambayarsa ko ya yi.

Mai Faci ya zo wucewa da taya a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi bangon, ya dubi ɗan'uwansa.

"Injiniyan talakawa," ya ce, "ka kashe mai shaida, ka kuma yi masa wanka."

Washegari kofunan kanta ba su motsa ba. Kamfani ya dakatar da motocinsa, wai don girmama baƙi. Layin ya yi tsit, har ana jin kukan tsuntsaye a bishiya, abin da aka manta da shi. Motar gwamnati ta shigo sumul ba ta ko girgiza ba.

Injiniyar yarinya ce, ba za ta girmi ƙanwar Magini ba, da takalmin aiki da alamar gajiya a ido. Ta ƙi zama a rumfa, ta ce a fara nuna mata ɓarnar. Aka bi da ita layin daga baki zuwa ƙarshe, ana nuna mata inda ramuka suke a da. Tana duban tsakuwa a daɓe, tana ɗauka a wayarta. Ciyaman yana ta bayani, muryarsa tana raguwa da kaɗan-kaɗan, don shi ma ya fara jin yadda maganar take fita: nan da rami, can da rami, duk a da.

Aka iso gidan Magini. Ya faɗa mata komai, tun daga silin gashi har zuwa ƙadangare. Ya nuna da yatsa inda tsagar ta bi. Ta shafa wurin da tafin hannu, ta ƙwanƙwasa, ta kara ido kusa. Ba a ganin komai sai fenti.

"Baba, na yarda da kai," ta ce. "Amma abin da na gani shi zan kai. Idan na ce bango ya tsage, za a ce ina hoton."

"Ranki ya daɗe, sabo ne, bai gama kamawa ba. Guduma ɗaya zai zube."

"To ɗauko."

Ya shiga ya ɗauko. Jama'a suka matso, masu hoto suka ɗaga na'urorinsu. Ciyaman ya raɗa masa cewa a yi hankali, a gaban baƙi ake, kada a ce ƙungiya ce ta fasa da hannunta don ta ɓata wa kamfani suna. Mai Murmushi yana gefe yana gaya wa wani cewa bai taɓa ganin filasta mai kyan wannan ba, dole kamfani ya nemi mutumin nan. A bakin ƙofa kuma ga Inna ta fito, an ɗaura mata zanenta na ajiya, tana dogare da jikarta, fuskarta cike da jin daɗi, tana jira baƙuwa ta shiga ta ga ɗakinta.

Injiniyar ta jira shi. Har ga Allah ta jira, ta ma ɗaga wayarta ta saita. Magini ya ɗaga gudumar ya nemi inda zai sara. Ya san wurin kamar yadda ya san layin tafinsa. Ya dubi bangon, ya dubi tsohuwa. Hannunsa ya yi nauyi.

Sai direba ya yi hon, ya ce saura unguwa biyu kafin a tashi aiki. Wani ya kama jakar injiniyar ya yi gaba da ita wajen rumfa. Ta sauke wayar, ta durƙusa ta gaishe da Inna. Inna ta sa mata albarka, ta ce ɗanta ne ya gina.

Sakamako bai daɗe ba, wannan karon ofis ya yi sauri. An ce titin yana ɗaukar nauyin motocin, gidaje lafiya lau. An yaba wa ƙungiya, aka ce abin koyi ce ga sauran unguwanni masu zaman jiran gwamnati. Aka kuma ƙulla abin da aka kira haɗin gwiwa: kamfani ya riƙa kawo tsakuwa, ƙungiya ta riƙa zubawa, gwamnati ta riƙa sa ido. Da haka ofis ya cire layin daga cikin waɗanda zai gyara, tunda ya sami masu shi. Tipofi suka dawo, kuma da yake hanya ta yi kyau, yanzu a guje suke bi, har waɗanda a da suke tsoron ramuka.

An ba Ciyaman kujera a kwamitin haɗin gwiwar, kamfani kuma ya ba ƙungiya wata kwantena a bakin ƙofarsa ta zama ofis, da fanka da tebur. Ciyaman ba mugu ba ne. Da gaske ya yarda cewa yanzu suna da kunne a ciki, kuma kamfanin ya gyara musu famfo, ya sa fitila a bakin makaranta. Mutane da yawa suka ce ai an ci riba.

Tsagar ta dawo ta tsohuwar hanyarta, ta kuma haifi 'ya ta nufi ƙofa. Magini ya koma ofishin hanyoyi ya zauna a bencin da ya sani. Aka ce an yi wa injiniyar canjin wurin aiki, kuma layin da aka riga aka duba sai zagaye ya sake zuwa kansa. Idan yana da ƙorafi ya bi ta ƙungiyarsu, da ita gwamnati ke magana. Ya je kwantena. Ciyaman ya ba shi kujera, ya kunna masa fanka, ya ce maganar tana ransa, amma ba ya kyautu a kai ƙarar abokin aiki tun ba a je ko'ina ba, a bari a sami lokacin da ya dace. Mai Murmushi ya shigo, ya jajanta masa sosai. Ya ce abin mamaki, ga hoto nan bango garau a lokacin da motoci suka daɗe suna bi, ko dai wani abu ne a ginin tun asali? Tambaya kawai ya yi, cikin ladabi.

Tambayar ta fita daga kwantena ta zaga unguwa. Mutumin da ya yi wa Magini alkawarin ginin shaguna ya ce ya ɗan dakata tukuna. Bayan kwana kaɗan ya ga wani yana aikin.

Da ruwan sama ya sauka bangon ya yi ciki, ya turo waje. Ya tokare shi da katakai, ya mayar da Inna ɗakin yara. Kullum tana tambaya yaushe za ta koma nata. Sai ga mutanen wani ofishin, na kula da lafiyar gine-gine, waɗanda ba wanda ya taɓa zama a bencinsu. An kai musu rahoto cewa bango zai faɗo wa motoci. Suka shafa jan fenti a kan fentin kamfani, suka ce ya rushe ɗakin da kansa, ko su rushe ya biya.

Da gudumar nan ya yi aikin. Wannan karon hannunsa bai yi nauyi ba, bangon ma bai yi gardama ba. Kafin ya fara, ƙanwarsa ta zo ta tafi da Inna gidanta a wata unguwa. Tsohuwar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce kawai a kula mata da kofunanta, kada yara su fasa kafin ta dawo. Matarsa ta jera su a tagar ɗakin ciki.

Ranar Asabar aka busa usur. Tsakuwar kamfani ba ta iso ba wannan watan, ga ramuka sun buɗe bayan ruwa. Samarin ƙungiya suka tsaya da baro a gaban tarin ɓaraguzan da ke inda ɗakin Inna yake a da, suna tura juna. Daga ƙarshe babbansu ya cire hula ya gaishe shi, ya ce Ciyaman ne ya ce a tambaya, idan Baba ba shi da amfani da su.

Magini yana zaune a kan bulo. Ya ce su ɗiba.

Ya zauna yana kallo suna juyewa a ramin da ke gaban gidan, manya a sama, ƙanana a ƙasa, ba tsari. Ya kau da kai. Ya sake dubawa. Sai ya miƙe ya karɓi shebur daga hannun ɗaya, ya ce ba haka ake yi ba, mota ɗaya za ta watsar. Ya fito da su ya sake jerawa, manya a ƙasa, ya cike tsakaninsu da gari. Wani guntu ya zo hannunsa, gefe ɗaya sumul da fenti, filastar tana nan ba ta ko ɓare ba. Ya juya shi a hannu, ya nema masa wuri ya zaunar, ya taka da ƙafa.

Mai Faci ya tsallako daga rumfarsa ya tsaya kusa da shi. Magini ya jira tsokana, yana ma so a yi masa. Mai Faci dai sai ya kama hannun rigarsa ya ja shi gefen titi, don tipa ta shawo kwana. Ta bi ta kan aikin ba ta rage gudu ba. Cikon bai motsa ba ko kaɗan.

Daga ciki, ta inda babu bango yanzu, ana jin kofunan suna taɓa juna.